"Ina da" a Turanci: *have*, *own* ko *belong to*?

Malamar Sakandare:
Assalamu alaikum malamai. Ina so a warware mana wani ƙulli da ke damun ɗalibai, har da manyan da ke koyon Turanci a ajin yamma. Bahaushe da "ina da" yake faɗin kusan komai: ina da mota, ina da ƙane, ina da mura, ina da gaskiya. Da ya shiga Turanci sai ya tarar da *have*, *have got*, *own*, *belong to*, *possess*, ga kuma *'s* ɗin da ake liƙa wa suna. Kuskure uku ne ke ta dawowa a takardun yara: *I am having a car*, *He doesn't has money*, da *This book is belong to me*. Me ke jawo su, kuma ta ina ya kamata a fara gyara?

Malam Nahawu:
Wa alaikumus salam, Malama. Na farkon tushensa a cikin Hausar yake. Mu ba mu da aikatau guda da ke yin aikin *have*. Wakilin sunan lokaci mai ci muke ɗauka, wato ina, kana, kina, yana, tana, mu haɗa shi da "da". Su ne dai waɗanda muke cewa ina tafiya, yana karatu. Yaro kuwa tun aji ɗaya aka koya masa cewa ina tafiya shi ne *I am going*, yana karatu shi ne *he is reading*. To da ya zo kan "ina da mota", kunnensa ya ji "ina", sai hannunsa ya rubuta *am* da *-ing*. Ƙa'idar da muka ba shi ya bi, mu ne ba mu nuna masa iyakarta ba.

Iyakar ita ce: Turanci na da aikatau masu bayyana hali ko yanayi, ba wani motsi a cikinsu, kuma ba sa karɓar *-ing*. Na mallaka duk suna cikin wannan ayari: *have*, *own*, *possess*, *belong*, *owe*, tare da irin su *know* da *need*. Gwajin da zan ba ki yana da sauƙi. Ɗalibi ya tambayi kansa, shin jimlar nan za ta iya zama amsar "me kake yi?" "Ina karatu" amsa ce. "Ina da mota" ba amsa ba ce. Duk wadda ba ta amsa tambayar ba, a cire mata *am* da *-ing*: *I have a car*.

Akwai inda *having* yake daidai, amma a nan *have* ya bar mallaka ya koma ci, sha ko yi. *We are having lunch*, muna cin abincin rana. *She is having a bath*, tana wanka. *They are having a meeting*, suna taro. Ki lura, a Hausar ukun nan babu "da" ko ɗaya, kuma duk suna amsa "me ake yi?"

Mai Jan Biro:
Allah ya ƙara basira, Malam. Bari in ɗauki na biyun. *Has* na mutum ɗaya ne da ake magana a kansa: *he has*, *she has*, *it has*, *Binta has*. Sauran duka *have*. Sai dai harafin *s* ɗin nan sau ɗaya tak yake fitowa a jimla. Idan korewa ko tambaya ta shigo, *do* ne ke zuwa ya ɗauki nauyin, sai *s* ya koma kansa ya zama *does*, shi kuma *has* ya koma *have*. Saboda haka *He doesn't have money*, *Does she have a brother?* Haka ma a shuɗaɗɗen lokaci: *He had a shop*, amma *He didn't have a shop*. *Didn't had* ya ɗauki alamar lokaci sau biyu, kamar mutum ya sa hula biyu a kai ɗaya.

Wani abin da ke cinye makin yara ba tare da sun sani ba shi ne *a*. Hausa na cewa "ina da mota" ta tsaya. Turanci ba ya barin sunan abu guda da ake iya ƙirgawa ya zauna haka nan: *I have a car*, *She has an uncle*. Abin da ba a ƙirgawa shi ne ke tafiya babu *a*, irin *money*, *time*, *water*, kuma a korewa yana son *any* ko *no*: *I don't have any money* ko *I have no money*. Kada a haɗa biyun a ce *I don't have no money*. Za a ji hakan a waƙoƙi da hirar titi a Amurka, amma a takardar WAEC ko NECO jan biro zai hau shi.

Tafinta Damagaram:
Ni a ganina duk wannan reshe ne. Babban ramin shi ne rabin "ina da" na Hausa ba *have* ba ne sam a Turanci. Hausa ba ta da sifofi da yawa, da suna take siffantawa: yana da kyau, yana da nauyi, yana da tsada, yana da nisa. Turanci kuwa sifa yake ɗaukowa ya haɗa da *be*: *it is beautiful*, *it is heavy*, *it is expensive*, *it is far*. Haka kuma kana da gaskiya, *you are right*. Yana da aure, *he is married*. Tana da ciki, *she is pregnant*. Ina da shekara 20, *I am 20* ko *I am 20 years old*. Wanda ya ce *I have 20 years*, Bature zai tsaya yana jiran ƙarashen magana: shekara 20 ta me? Ta aiki ko ta ɗauri?

A wajenmu a Nijar ramin ninki biyu ne, domin Faransanci ma da aikataunsa na mallaka yake faɗin shekaru, yunwa da gaskiya: *j'ai 20 ans*, *j'ai faim*, *tu as raison*. Ɗalibin Zinder ko Maraɗi harsuna biyu ke tura shi zuwa *have*, shi ya sa *I have hungry* ke da wuyar fita daga bakinsa.

Ciwo kuma shi ne ya juya. Sau da yawa Hausa na cewa ina mura, ina ciwon kai, babu "da" ma, amma Turanci a nan *have* yake so: *I have a cold*, *I have a headache*. Sunan cuta na asibiti ba ya ɗaukar *a*: *She has malaria*, *He has diabetes*.

Malamar Sakandare:
Wannan na sifa ya haska mini abu. To ya za a ba ɗalibi ma'aunin da zai rarrabe?

Tafinta Damagaram:
Ya duba abin da ya biyo bayan "da". In abu ne da za a iya nunawa da yatsa, a ƙirga ko a auna, ko mutum ne, mota, gona, kuɗi, 'ya'ya, to *have*. In hali ne ko siffa, kyau, tsawo, zafi, wayo, haƙuri, ya fara neman sifar Turanci tukuna: *tall*, *hot*, *clever*, *patient*. Ba kullum ma'aunin ke cika ba, ana cewa *he has patience* kuma daidai ne, amma zai fid da yaro daga yawancin ramukan.

Ɗan Zongo:
Malam Nahawu, da girmamawa, ina da ja kan batun *I am having*. Daga Kano zuwa Legas har nan Kumasi, masu digiri na faɗin sa, a rediyo ana faɗin sa, a Indiya ma haka. Ƙamus ɗin Oxford a Janairun 2020 ya shigar da kalmomin Najeriya irin su *okada*, *danfo* da *Kannywood*. In Turancin Najeriya ya samu wannan karɓuwa, me zai sa mu ci gaba da hukunta yara kan abin da malamansu ma ke faɗa?

Malam Nahawu:
Ɗan'uwa, jan naka na da tushe, kuma ban ce mai faɗin sa jahili ne ba. Amma abin da ƙamus ya karɓa kalmomi ne, ciki har da sunayen abubuwan da Turancin Ingila ba shi da su. Ginin jimla wani fage ne daban, kuma masu duba WAEC, NECO, JAMB da IELTS, jarrabawar Turanci ta masu son fita waje, da daidaitaccen Turanci suke aunawa. Sannan akwai asarar ma'ana ta gaske. *She has a baby* na nufin tana da jariri. *She is having a baby* na nufin tana kan gwiwa, ko tana ɗauke da juna biyu ana jiran haihuwa. *I have a goat*, ina da akuya. *I am having goat*, naman akuya nake ci. Wanda ya narkar da biyun wuri ɗaya ya rasa hanyar faɗin ɗaya daga ciki. Ni abin da nake so a gaya wa yaro shi ne gaskiyar lamari: za ka ji wannan a gari, ka gane shi, amma ga wanda za ka rubuta.

Ɗan Zongo:
Misalin jaririn ya gamsar da ni a fagen rubutu. A baki dai ina nan kan bakana, ba zan katse mai magana don ya ce *I am having two brothers* ba.

Mai Jan Biro:
Wannan kam tsakaninka da shi ne. Mu koma kan *have got*, don Malama ta ambace shi. Ma'anarsa da *have* ɗaya ce: *I've got a car* daidai yake da *I have a car*. Ya fi yawa a bakin mutanen Ingila, kuma na hira ne, ba a cika sa shi a wasiƙar neman aiki ba. Bambancin gininsa shi ne ba ya neman *do*: *Have you got a pen? I haven't got one.* Amsa kuma da abin da aka yi tambaya ake ba da ita. *Do you have...?* amsarsa *Yes, I do*. *Have you got...?* amsarsa *Yes, I have*. *Do you have got* gauraye ne, babu shi.

Tarkonsa biyu. Na ɗaya, na yanzu ne kaɗai. In za ka ce a da ina da keke, *I had a bicycle* za ka ce ko *I used to have a bicycle*, kada *got* ya biyo. Na biyu, in ka yar da *have* ka bar *got* shi kaɗai, ma'ana ta koma samu: *I got a car*, na sami mota. Amurkawa na rarrabewa da *gotten*: *I've gotten a job*, na sami aiki, amma *I've got a job*, ina da aiki.

Shawarata a fara da *have* da *do* har su zauna daram, domin shi ke aiki a kowane lokaci kuma a ko'ina ana karɓarsa. *Have got* a kawo shi daga baya don a riƙa gane shi.

Tafinta Damagaram:
Hajiya, a nan mun ɗan saɓa. Littattafan koyon Turanci da dama da aka tsara a Ingila tun darussan farko suke kawo *have got*, kuma ɗalibi zai gamu da shi a sauraro. Ko ba za a sa shi ya yi amfani da shi ba, a nuna masa da wuri cewa *'s* ɗin *he's got* gajarcewar *has* ne. In ba haka ba zai warware shi ya rubuta *he is got*.

Mai Jan Biro:
Na karɓi wannan. A gaya musu *'s* fuska uku gare shi: *Audu's tall* na *is* ne, *Audu's got a shop* na *has* ne, *Audu's shop* na mallaka ne. Kalmar da ta biyo baya ce ke fallasa shi.

Barista:
Ku ba ni dama in shigo kan *own*, domin a nan ne kuskuren nahawu ke iya zama rigimar kotu. *Have* faffaɗa ne, yana nufin abu na wurinka, ko naka ne ko ba naka ba. *Own* shi ne mallaka ta haƙƙi, wadda za ka iya sayarwa, ka kyautar, ko a gada. Ɗan haya zai iya cewa *I have a flat in Kaduna* bai yi ƙarya ba. In ya ce *I own a flat in Kaduna* ya yi da'awar gidan wani. Direban da ke jan motar maigidansa *has the car*, maigidan *owns it*. Shi ya sa ba a cewa *I own two sisters* ko *I own a headache*. Mutum da ciwo *have* ne kawai.

Hausa ma na yin wannan rarrabewar, ta wata ƙofa. "Wa ke da biro?" neman wanda zai ara maka kake yi: *Who has a pen?* Amma "Wa ke da gidan nan?" mai gidan kake tambaya: *Who owns this house?* ko *Whose house is this?* Kalmomin kusan iri ɗaya, bambancin a "gidan nan" yake, an fayyace abin. Sai kuma "makullin yana wurin Audu", wanda Turancinsa na yau da kullum shi ne *Audu has the key*. "Ba kuɗi a jikina" kuwa *I don't have any money on me*.

*Own* na iya juyawa a sa abin a gaba: *The farm is owned by three brothers*. *Have* na mallaka ba ya juyawa, babu *a farm is had by them*.

*Possess* nauyi gare shi, na takarda ne. A doka *possession* riƙo ne a hannu, ko da haƙƙi ko babu. Ɓarawon da aka kama da waya *is in possession of the phone*, amma ba shi ne *owner* ba. A kula da ƙaramar *the*: *He is in possession of the phone*, shi ke riƙe da ita. *The phone is in the possession of the police*, tana hannun 'yan sanda. A hira kada a ce *I possess a bicycle*, ya yi wa keke girma. Sannan *he is possessed* ba ya nufin yana da dukiya, aljanu ne suka shige shi.

Malam Nahawu:
Barista, tunda kana kusa, me ya sa takardun fili a Najeriya ke cewa *holder*?

Barista:
Saboda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, Allah gafarta Malam. Sashenta na farko ya ɗora dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana don amfanin 'yan Najeriya. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, *right of occupancy*, takardar shaidarsa ita ce wadda ake kira *C of O*, kuma ta gidan zama galibi wa'adin shekara 99 ake sa mata. Don haka a harshen dokar mutum *holds a right of occupancy*. A hira kowa na cewa *I own the land*, ba laifi. *Hold* ɗin nan shi ne kuma na abin da wata hukuma ta ba ka: *She holds a degree in law*, *He holds a Nigerian passport*, *He holds the title of Galadima*. Ya yi daidai da yadda muke cewa yana riƙe da sarauta.

Malamar Sakandare:
Na gode Barista. Saura na ukuna, *is belong*.

Malam Nahawu:
Shi ma daga Hausa ya taso. Muna cewa "littafin nan nawa ne". Yaro ya san "ne" shi ne *is*, sai ya ajiye *is*, sannan ya tuna da *belong* ya ƙara a kai. Alhali *belong* cikakken aikatau ne, ba ya bukatar *is*. Hanya biyu ce, a zaɓi ɗaya: *This book is mine* ko *This book belongs to me*.

Abu uku za a riƙe game da shi. Abin da aka mallaka ne ke zuwa gaba, mai shi a baya, akasin *own*: *Binta owns the shop*, *The shop belongs to Binta*. Sai *to*, wanda ba ya faɗuwa ko a tambaya: *Who does this bag belong to?* Sai kuma wakilin sunan da ke bin *to*, shi ne *me*, *him*, *her*, *us*, *them*. *Belongs to mine* kuskure ne. In aka canza *to* zuwa *in* ko *on*, magana ta bar mallaka ta koma mazauni: *The plates belong in the kitchen*, wurin faranti kicin ne. *I belong to a union* kuwa ɗan ƙungiya ne kai, ba wai ƙungiyar ta mallake ka ba. *Belongings*, kayan mutum, kullum jam'i ne.

Ɗan Zongo:
A ƙara da *my own*. A Turancin buroka ana cewa *na my own*, sai ya tsallako ya zama *this pen is my own* duk inda ake nufin nawa ne. Daidaitaccen shi ne *mine*. *My own* na ƙarfafawa ne, kamar mu ce nawa na kaina: *I have my own room*, ɗakina ni kaɗai, ba na tarayya ba. Kuma *own* irin wannan dole *my*, *his*, *their* ko makamancinsu ya gabace shi. Babu *an own car*, sai *a car of my own*. *On my own* kuma ni kaɗai ba mataimaki.

Mai Jan Biro:
Akwai tagwayen da ban ga an taɓo ba, *own* da *owe*. Harafi ɗaya ya raba su, kuma asalinsu ma ɗaya ne a tsohon Turanci, amma yau ɗaya mallaka ne ɗaya bashi. Wahalar *owe* ga Bahaushe ita ce aikau ɗin juyawa yake yi. Mu mai kuɗin muke sa wa a gaba: ina bin Audu naira 5,000. Turanci wanda ake bi yake sa wa a gaba: *Audu owes me 5,000 naira*. Ɗalibin da ya fassara kalma bayan kalma zai rubuta *I owe Audu*, ya mai da kansa mai cin bashin. A takardar yarjejeniya wannan ba ƙaramin abu ba ne. A haddace su bibbiyu: ina bin sa, *he owes me*, yana bi na, *I owe him*.

Haka aro. Hausa da kalma ɗaya take zuwa ta dawo: na ari littafi, ara mini littafi. Daga nan *borrow me your book* ya fito. Turanci ya raba ta fuskar tafiyar abin: mai karɓa *borrows from*, mai bayarwa *lends to*. *Lend me your book*, ko *Can I borrow your book?* Mu kuma muna da rarrabewar da su ba su da ita, aro na abin da za a maido shi kansa, rance na kuɗi ko hatsi da za a biya da madadinsa. Su duka *borrow* da *lend* ne.

Tafinta Damagaram:
Kan *'s* zan ƙara, don aikatau ba ya tafiya shi kaɗai. Hausa abin take fara ambata sannan mai shi, alamar kuma a jikin abin take: motar Audu, gidan Audu. Turanci mai shi ne a gaba, alamar a jikinsa: *Audu's car*. Jeri in ya yi tsawo daga ƙarshe ake karantowa: motar ƙanen mijin Binta, *Binta's husband's brother's car*.

Waƙafin sama: tilo, kafin *s*, *the boy's books*, yaro ɗaya. Jam'in da ya ƙare da *s*, bayansa, *the boys' books*. Jam'in da bai ƙare da *s* ba ya koma kamar tilo: *children's*, *women's*, *men's*. *Audu and Bala's shop* shago ɗaya ne na tarayya, *Audu's and Bala's shops* kowa da nasa. Waɗannan wakilan sunan ba su da waƙafin ko kaɗan: *yours*, *hers*, *ours*, *theirs*, *its*, *whose*. *It's* da *who's* gajarcewa ne na *is* ko *has*.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne -n da -r na Hausa sun fi mallaka faɗi nesa ba kusa ba. Ruwan sha ba mallakar sha ba ne, *drinking water*. Gidan ƙasa, *mud house*. Motar makaranta, *school bus*. Ƙofar ɗaki, *the door of the room*. Kafin a sa *'s* a tambaya, na wane ne? In amsar mutum ce ko dabba, a sa. In irin abin ake faɗa ko abin da aka yi shi da shi, a jera sunaye biyu kawai. Lokaci ne ya fita daban, yana karɓa: *today's news*, *two weeks' leave*.

Ga kuma "hoton Binta", wanda a Hausa zai iya zama ita ce a ciki ko ita ke da shi. *A photo of Binta*, ita ce a ciki. *A photo of Binta's*, ɗaya daga cikin hotunan da ta mallaka, ko na raƙumi ne. Irin ginin *a friend of mine* ke nan, wani abokina.

Malam Nahawu:
Madalla. A jinsi kuwa Hausa taimakonmu take yi in an nuna wa yaro. Ki rubuta "motarsa" a allo, Malama, ki ja layi: mota, r, sa. "R" na mota ne, "sa" na mai ita. Turanci na biyun kaɗai yake kallo. Don haka gidansa da motarsa duk *his*, gidanta da motarta duk *her*. A doguwar mallaka ma haka: nasa da tasa *his*, nata da tata *hers*, nawa da tawa *mine*. Masu Faransanci su ne ke shan wahala a nan, domin *sa voiture* jinsin motar yake bi, bai gaya maka namiji ne mai ita ko mace ba. Ɗalibin Nijar ya koma wa Hausarsa kafin ya zaɓi *his* ko *her*, zai fi dacewa.

Sai gaɓoɓin jiki. Mu muna cewa ya wanke hannu, ta rufe ido, kowa ya san nasa ne. Turanci sai an faɗa: *He washed his hands*, *She closed her eyes*.

Ɗan Zongo:
Furuci fa? Hausa ba ta da *v*, sai *have* ya fito kamar "hab" ko "haf", na biyun kuma ya yi kama da *half*. A ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, a saki iska tare da murya, a sa yatsa a maƙogwaro a ji yana rawa. *Has* da "z" yake ƙarewa. *Possess* ana rubuta shi da *ss* sau biyu, amma na tsakiyar "z" ake furtawa, farkonsa kuma leɓe biyu ake haɗewa a fasa, kada ya zama "f". *'S* na mallaka sauti uku gare shi: "s" a *Yusuf's*, "z" a *Binta's*, ƙarin gaɓa "iz" a *Idris's*. Masu haɗiye wannan ƙarshen a baki su ne ke manta shi a rubutu, su ce *my father house*.

Malamar Sakandare:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsara jimloli biyar da zan ba su su juya, ku duba mini amsoshin.
Ba ta da ƙane: *She doesn't have a younger brother.*
Wa ke da shagon nan: *Who owns this shop?*
Buhun yana da nauyi: *The sack is heavy.*
Muna bin su kuɗin wata biyu: *They owe us two months' money.*
Shekara 5 ke nan ina da wannan keken ɗinki: *I have this sewing machine for five years.*

Mai Jan Biro:
Ukun farko sun fita, Malama. Ta huɗu gininta daidai ne, sai dai Turanci na son a faɗi kuɗin mene ne: *two months' rent* in haya ce, *two months' salary* in albashi ne.

Ta biyar ce ke da gyara. Hausa ba ta canza "ina da" saboda lokaci, kalmomin gefe ne ke nunawa: a da ina da, bara ina da, har yanzu ina da. Turanci aikataun ne ke canzawa. Abin da ya fara a baya kuma yake nan har yau, *have* biyu yake ɗauka, na farko mataimaki, na biyu na mallaka: *I have had this sewing machine for five years*. In mace ɗaya ake magana a kanta, *She has had it for five years*. *For* na tsawon lokaci ne, *since* na mafari: *since 2020*. In kuma keken ya riga ya bar hannu, *I had it for five years*. Haka *own* da *belong* ke yi: *They have owned the farm since 2010*, *It has belonged to them for years*. Ki raba wannan jimlar gida biyu a allo, ɗaya keken na nan, ɗaya an sayar, su ga inda *have* na farko ke faɗuwa.